Sufeto Bappa a Ƙofar Mai Takaba

Kwamfutar da ke lungun shagon Madam Bibiana ta girmi duk sauran. Kwancen Turai ce da aka sayo a Sabon Gari, kuma mai ita na farko ya bar wani wasa a cikinta. Ba hoto, ba kiɗa, sai farin rubutu a kan baƙar fuska. Bappa, mai buga wa ɗalibai takardu a shagon, shi ya tono wasan a lokacin dogon hutun jami'a, sa'ad da Samaru ta yi tsit har 'yan acaɓa ke barci a kan baburansu.

A wasan, kai ne sufeton 'yan sanda. An tsinci gawar wani attajirin Bature da kofin shayi a gefensa. A gidan akwai matarsa, da wansa, da tsohon kuku. Sai ka rubuta da Turanci abin da za ka yi, ko buɗe ƙofa, ko tambayar kuku zancen shayi, na'ura ta ba ka amsa. Amma duk layin da ka buga sai agogon cikin wasan ya matsa, in yamma ta yi ba ka kawo hujja ba, manyanka su rufe bincike da kansu. Su kuwa manyan nan kullum kuku suke kamawa.

Bappa ya tura kukun nan gidan yari ya fi a ƙirga, abin kuma ya tsaya masa a rai, don ya tabbata tsohon ba shi da hannu. Matsalar ita ce a gidan malamai ya tashi, ba ya iya shiga gidan mutuwa ya hau tambaya kamar mai karɓar haraji. Sai ya yi wa matar ta'aziyya, ya tambayi wan mamacin ya haƙuri, ya ƙara da addu'a. Na'ura ta ce ba ta gane ba, agogo kuma ya ci lokacinsa. Da ƙyar ya rage gaisuwar, ya samu ya bincike lambu da kicin da ɗakin karatu, har ya bi sawun takalmi mai laka zuwa bene. Sawun ya ƙare a ƙofar ɗakin matar. Nan Bappa ke tsayawa kullum. Namiji baƙo ya faɗa ɗakin mai takaba, wannan kam ba da shi ba.

Ronke, mai kula da injin kwafi, haifaffiyar Sabon Gari ce, Hausa a bakinta har da karin magana. Ta mai da tsayuwar nan tasa abin nishaɗi.

"Malam Bappa, matar nan fa haruffa ce kawai."

"Kukun ma haruffa ne, amma jiya kin ce tausayinsa kike ji."

Ana cikin haka Madam ta ce ɗalibai sun kusa dawowa, a kai tsohuwar kwamfutar wurin Nwankwo mai gyara ya goge komai ya zuba mata sababbin abubuwa. Ta haɗa Bappa da Ronke su kai ta. A cikin bas Bappa ya rungume ta a cinya kamar mai kai marar lafiya asibiti. In aka goge, shi ke nan, kukun ya dawwama a ɗaure.

A shagonsa na Sabon Gari, Nwankwo ya jona wayoyi, ya ɗauko faifan da zai yi aikin. Bappa ya roƙi a bar shi ya yi zagaye ɗaya tak. Nwankwo ya ce janaretansa ba ruwan rijiya yake sha ba. Amma da Ronke ta ba shi labarin sufeto mai ta'aziyya, har da ƙarin gishiri, sai ya yi dariya ya jawo benci, ya ce sau ɗaya, in an faɗi faifai zai shiga.

Bappa ya haɗiye gaisuwa, ya wuce bene kai tsaye, ya sake tsayawa a ƙofar. Nwankwo ya ce masa ya shiga mana, shi tun da yake bai taɓa ganin ɗan sanda ya yi sallama ba. Bappa ya ƙi buga komai a kibod. Can sai fuskarsa ta washe. Ya ce ai ba wanda ya hana mace shiga wurin mai takaba, ya tura wa Ronke kibod ɗin.

Nwankwo ya tuna masa cewa sufeton cikin wasan dai namiji ne, ko wa ya zauna a kujera.

"Hannun da ya buga shi ne ya shiga," in ji Bappa.

Ronke ta ce ba ta ji sosai ba saboda ƙarar janareta, ya maimaita. Ya maimaita. Ta ce Oga Nwankwo ya zama shaida.

Ta shiga. Ɗakin ba kowa, matar tana lambu. Ronke ta birkice gado, ta zazzage jaka, ta shinshina turare, tana karantawa da ƙarfi, Bappa kuwa ya kafe idonsa a kan silin. Ba ta sami komai ba. Sai ta sa sufeto ya shige wadirob ya ja ƙofa, ta dinga rubuta jira, jira, agogo yana tafiya. Yamma ta kawo jiki sai ga motsi. Wan mamacin ne, dattijon da Bappa ya fi daɗewa yana gaisarwa saboda furfurarsa. Ya shigo da sanɗa, ya zaro kwalbar guba daga aljihu, ya cusa ƙarƙashin matashin kai don a ɗora wa matar laifin. Ronke ta fito da sufeto, ta damƙe shi da kwalbar.

Rubutu ya cika fuskar kwamfuta. An ɗaure dattijo, kuku ya koma kicinsa, an ƙara wa sufeto girma. Bappa ya karanta layin kukun sau biyu, ya yi hamdala, ya ce to, Allah ya sa mun gama lafiya.

"Mun gama? Kai da wa, Malam Bappa?"

Ya ce ai shi ya gano sawun, shi ya bincike lambu. Ronke ta juya wurin shaidarta. Nwankwo, yana tura faifai cikin na'ura, ya ce shi dai abin da ya ji da kunnensa, hannun da ya buga shi ne ya shiga, kuma bai ga hannun Malam ya shiga ko'ina ba.

A bas ɗin komawa Bappa ya yi ta juya mas'alar a ransa, ko wanda ya guje wa laifin abu yana da rabo a ladansa. Har suka wuce Palladan bai sami amsar da ta yi masa daɗi ba. Ronke tana gidan gaba, tana gaya wa kwandasta ya gyara bakinsa, daga yau Sufeto ake ce mata.