Sunan da Inna Tasalla Ba Ta Faɗa

Zakari ya yi furfura, amma bai taɓa jin sunansa a bakin mahaifiyarsa ba. Shi ne ɗan fari, kuma Inna Tasalla irin matan da ce masu kunyar ɗan fari har tsufa. "Kai wanga" take ce masa, in ma ta kula shi. Ita kuwa auta Samira, sunanta ko a cikin atishawa sai ya fito. Zakari yakan yi dariya a gaban mutane, amma abin yana ci masa rai.

Tunda hawan jini ya kama tsohuwa, shi ke tasowa daga Tsibiri a kan babur ɗinsa na kabu-kabu ya sayo mata magani a Maraɗi. Da aka ce matan tsofaffin ma'aikatan gwamnati irin mahaifinsa na iya shiga tsarin da zai ɗauke musu nauyin magani, sai ya goyo ta zuwa ofishin da ake yin rajistar. Samira ta iso daga unguwar Zariya ta cikin Maraɗi tana ƙamshin turare.

Ma'aikaciyar ta yi bayani. Tsohuwa za ta zaɓi farmasi guda, wato kantin magani, sannan ta zaɓi mutum guda da zai riƙa karɓar mata maganin.

"Inna, ki ce ni," in ji Samira. "Farmasin na bayan gidana."

Zakari ya ja da baya ya jingina da bango. Ya san Samira sarai, tana son uwarta, amma takan manta da tukunya a kan wuta. Ya kuma san sunan da ya fi sauƙi a bakin Inna.

Tsohuwa ta gyara lulluɓi. "Ɗiyata, rubuta wanga na bayana. Shi ya san ba ni haɗiye ƙwaya sai an raba ta biyu an ba ni da kunu."

"Na gane, Inna, ni ma uwata haka take," in ji ma'aikaciyar. "Amma doka ta ce daga bakinki zan ji sunan."

Zakari ya buɗe baki zai taimaka, tsohuwa ta ɗaga masa hannu. Ta juya fuskarta wajen taga, ta daɗe tana kallon waje, sannan ta ce a hankali, "Zakari."

Ƙaton mutum mai iyali sai ga shi yana goge ido, hular kwanonsa a hannu. Daɗi ya kama shi har ya rasa inda zai sa kansa. Samira ta fashe da dariya, ita ma idonta ya cika.

A hanyar Tsibiri ya rage gudu, yana sa ran ko za ta maimaita. Sai ya ji ta ƙara riƙe rigarsa gam.

"Kai wanga," ta ce, "ka kula da ramin can."