Gurbi na Biyu

…kuma biron ma ba ya kama takarda, sai na girgiza shi. Shekara ashirin da shida ina ɗaga katan a siton kamfanin nan, yau takarda guda ɗaya ta gagare ni…

Fom ɗin hutun rasuwa. Kwana huɗu ban zo aiki ba, dole a rubuta dalili. Na sa sunana, na sa lambar aiki. Na sa sunanki, da Dakta a gabansa, ko da yake ba su tambaya ba. Su gani. Wata biyar kacal kika yi ana kiranki da shi, ba zan bar shi a gida ba.

Saura layi ɗaya: dangantakarka da mamaci. Gurbi biyu. Na farko: uba, uwa, mata, ɗa ko 'ya. Na biyu sabo ne fil: wanda ya riƙe ka, ko wanda ka riƙe.

Wannan gurbin naki ne. Ke kika sa shi a nan — ke, 'yar da nake saya wa takalmi da girma don ya kai baɗi. Shekara huɗu kina yawo da rikoda don binciken digirinki, ƙasa huɗu, ma'aikata ɗari uku da ɗoriya, tambaya ɗaya: waye naka, kuma waye kamfani ya yarda naka ne? Ni ne na farko. Kika dasa min na'urar a kan tabarma, kika ce, Baffa, yi magana kamar ba ni ba ce. Na ce to uwar iyayi, da wa zan yi, da bango?

Na ba ki labarin Goggo. Ai kin sani, kina aji biyar lokacin… Matar da ta goya ni, ta yi min aure. Da ta rasu na nemi hutu, manaja ya buɗe littafin da babban ofis ya aiko daga ƙetare, ya bi da yatsa, ya ce babu 'yar'uwar uba a ciki. Ba mugu ba ne, har haƙuri ya ba ni. Littafin ne bai san Goggo ba. Ana binne ta ina ƙirga katan ɗin sabulu, ɗari biyu da arba'in, har yau ban manta ba. Na dawo gida na zauna da takalmin aiki a ƙafa, kika tsuguna kika kwance min igiyar. Ashe ajiye abin kika yi a ranki.

Fankar ofishin nan kuka take yi. Akawun ma'aikata tana satar kallona ta saman kwamfuta. Ɗazu ta rage murya ta ce, Baba, kai ne na farko da zai cike sabon gurbin. Gwajin shekara ɗaya suka ba mu, in ba mai amfani da shi za su cire.

Za su cire.

Ranar da kika kare bincikenki a jami'a ina kujerar baya da hular aro. Turancin ya fi ƙarfina, amma na ga farfesa mai furfura yana gyaɗa kai, na ga mutumin babban ofis yana rubutu da sauri kamar ɗan makaranta. Manyan da ban taɓa haɗa ido da su ba, suna kwafar maganar 'yata! Na ce wa na kusa da ni, tawa ce. Bai tambaye ni ba.

Tawa ce. To ga shi nan.

Wata bakwai gare ki da Yaya ya rasu aka miƙo min ke cikin zani. Shekara ashirin da tara bakina bai taɓa cewa 'yar wana ba. Ko a makaranta, ko a asibiti makon jiya, da likita ya fito yana neman uban mara lafiya — wa ya miƙe? In na sa alama a na farko ba wanda zai bincika. Wa ma ya sani a nan? Amma gurbinki ya zauna fanko, su ce ai ga shi, ba a bukata, wani ya sake ƙirga katan ana binne Goggonsa. In na sa a na biyu kuwa, na rubuta da hannuna, a takardar da za ta shiga fayil ta zauna, cewa ke ba…

Kin san haka? Da kike tsara kalmomin nan, wanda ka riƙe, wa kike gani? Ni kika yi wa, na sani, don ni da Goggo. Amma ke a wane gurbi kika sa kanki? Ban taɓa tambaya ba. Kina ta tambayar mutum ɗari uku, ni ko sau ɗaya…

Akawu ta ce in ba na jin daɗi in tafi da fom ɗin gida, gobe ma rana ce. A'a. Aikinki ne, kuma aiki ne mai kyau, ba a kai shi gida a ninke a aljihu. Bari dai in ɗan huta. Bakin biron yana kan na biyu, ya riga ya yi ɗigo, ƙarami… ban sani ba ko wannan ya isa a kira shi alama.