Shingen da Celestina Ta So

Filin na Celestina ne, ba na mijinta Dalyop ba. Ita ta gano shi a wani ƙauye bayan Manchester, ɗan fegi mai jerin itatuwan pine a gefe guda. Ta ce ƙamshinsu na tuna mata da Jos. Burinta ta kewaye shi da shinge, ta shuka dankali da kabeji, amma ciwo bai bar ta ba. Ta rasu a watan Afrilu.

Da Nuwamba ta kama, Dalyop ya kira 'yarsu Bethany, wadda ke aikin jinya a Birmingham, ya ce zai yi shingen. Ta hau jirgin ƙasa ta same shi a unguwarsu ta Longsight, cikin Manchester, suka wuce wurin masu sayar da dashe.

"Baba, na duba online," in ji ta. "Gindin pine akwai inuwa, ƙasar kuma a bushe take. Itacen holly ne ke jurewa."

"Yaushe zai kai ƙirjina?"

"Zai daɗe," in ji ta.

Sai ya zaɓi itacen hawthorn mai saurin girma. Ya ce ƙayarsa ta fi kama da kyaranar da suke shinge da ita a garinsu Vom, kusa da Jos. Bethany ba ta ja da shi ba.

Haƙan ya ba su wuya. Duk inda shebur ya shiga sai ya ci karo da saiwar pine. Yayyafi ya jiƙa su, bayan Dalyop ya riƙe, dole ya zauna a kan bokiti yana miƙa mata dashen. Tana durƙushe tana danna ƙasa ta yi maganar da ta zo da ita.

"Likitanka ya ce idon nan ba na tuƙi ba ne. Akwai ɗaki a flat ɗina."

"Wa zai ba dashen nan ruwa?"

"Ai ruwan sama ba ya yankewa a ƙasar nan, Baba."

A shekarar da ta biyo baya sai ya yanke. Tun Mayu aka shiga fari, shi kuwa ya riga ya ajiye mota, bas kuma ba ta zuwa ƙauyen. Sai a Agusta Bethany ta samu hutu ta kai shi filin a motarsa. Dashen da ke kusa da pine duk sun bushe. Na nesa sun yi ganye, amma tumakin maƙwabci sun shigo sun cinye rabinsu.

Dalyop ya bi layin a hankali, yana taɓa kowanne da yatsa domin ba ya gani sosai.

"Mu sake gwadawa da holly," in ji Bethany.

Ya girgiza kai. "Ɗauko shebur ɗin daga rumfar can, kar ya yi tsatsa."

Ta sa shebur ɗin a bayan mota. Kafin wata ya ƙare, Dalyop ya tare a wurinta a unguwar Sparkbrook, cikin Birmingham.