Wata Huɗu ko Wata Goma Sha Takwas

Wayar ta sake kuka a ƙarƙashin fayil, karo na biyar tun da aka zauna taron hukumar ruwa. Injiniya ta dafe ta da tafin hannu. Ta san ƙaninta ne daga asibiti, inda Umma ke kwance kwana uku ana ƙara mata ruwa. A unguwarsu bututun ruwan sha da na ƙazanta sun tsufa tare, sun fashe tare, har abin da famfo ke kawowa ya koma ciwo.

"Kamfani biyu suka rage a neman kwangilar gyaran bututun," in ji Ciyaman, yana goge tabarau da bakin riga. "Na farko ya ce wata huɗu ya gama. Na biyu wata goma sha takwas. Mu huɗu mun rabu biyu-biyu. Injiniya, ke muke jira."

"Wanda gobara ta kama gidansa ai ba ya zaɓen bokiti," in ji lauyan hukumar. Aka ɗan yi dariya, ban da ita.

Ta nemi izini ta fita baranda, ta ɗaga wayar.

"Yaya, mutum tara aka kawo yau daga layinmu kaɗai," in ji ƙanin nata. "Matar mai wanki ta rasu da safe. Kowa cewa yake a hannunki abin yake. Ki ba masu sauri mana, don Allah!"

"Umma fa?"

"Ta buɗe ido. Wai in tambaye ki ko kin karya."

Ta jingina da bango. Masu saurin nan ta san su kamar yunwar cikinta. Shekara biyu da suka wuce ita da kanta ta sauka ramin da suka haƙa a wata unguwa, ta ga sun kwantar da bututun sha kafaɗa da kafaɗa da na ƙazanta, ko taƙi ɗaya babu tsakani. Ba a yi damina biyu ba aka fara kwasar mutane zuwa asibiti. 'Yan kamfani na biyun kuwa sun taka unguwar su Umma da ƙafa lungu-lungu, sun ce sai an tone komai an raba layukan. Aiki ne na gaskiya. Amma wa zai gaya wa mai amai da gudawa ya jira shekara da rabi?

Ta koma ciki. Ta zauna, ta ɗauki biro.

"Na biyu," ta ce. "Kuma a rubuta cewa tankokin hukuma za su riƙa kai wa unguwar ruwa kullum har a gama."

"Tanka uku gare mu, biyu na wurin makanike," in ji Ciyaman. "Za a duba."

"A rubuta dai, ranka ya daɗe."

Aka rubuta.

Da la'asar ta isa asibiti da jarkar dafaffen ruwa. Ƙaninta ya karanta amsar a fuskarta, ya tashi ya fita ko kallonta bai sake yi ba. Umma na barci, leɓɓanta duk sun tsage. Injiniya ta jiƙa gefen tawul tana shafa mata.

"Baiwar Allah, ke ce ta hukumar ruwa?" wata mata ta tambaya daga gadon kusa, jaririya kwance a ƙirjinta. "Yaushe za a gyara mana?"

Ƙarya ta zo mata har bakin harshe, mai sauƙi, mai daɗin ji. Ta haɗiye ta.

"Wata goma sha takwas."

Matar ta dubi 'yar tata, ta gyara mata hula.

"Kafin nan na yaye ta ke nan," ta ce a hankali. "To, sai in ja yayen, nono ya fi mata ruwan famfon nan."