Hoto Ɗaya a Shafi Arba'in

Matar da ke cikin tallan shagon tabarau ta janye izininta, mai shagon kuma ya yi alkawarin cire hotonta daga intanet kafin azahar. Shafi arba'in ne. Ya naɗe hannun riga, ya haɗa shayi.

Ƙanwarsa, wadda ya yi wa dariya bara da ta haɗa shafukan da rumbun hotuna ta wata 'yar manhaja, ta jawo kujera. Ta sauya hoton a rumbun, sau ɗaya tak, duk shafukan suka bi.

Ya duba arba'in ɗin ɗaya bayan ɗaya, ko zai dace da kuskure. Bai dace ba.

"Da ma haka na yi niyyar yi," in ji shi.

"Na sani, Yaya. Sha shayinka, bai huce ba."