Hanyar Brennock

Dokta Lawal ɗan Gusau ne, amma rabin rayuwarsa a tekun ƙarshen kudancin duniya ya ƙare, inda ruwa ke daskarewa har mutum ya taka shi da ƙafa. Aikinsa auna ɗumi da gishirin ruwan da ke kurɗawa ƙarƙashin ƙanƙara yana cinye ta daga ƙasa. Can ya baro yatsu biyu na hannun hagu, sanyi ya ci su. A masallacin unguwar Woolwich da ke London "Malam Firji" ake ce masa, shi kuwa dariya kawai yake yi.

Tun yana ɗalibi ya gano wani abu. Na'urar auna gishiri takan yi ƙarya in ɓarɓashin ƙanƙara ya shige ta, kuma duk masana sun haƙura da haka. Shi ne ya zauna a cikin jirgi, amai na ɗibarsa, ya tsaro lissafin da ke gyara ƙaryar. Yau babu mai auna wannan teku da ba ya amfani da lissafin nan. Sai dai sunansa a bakin duniya "hanyar Brennock", wato sunan farfesan da ya koyar da shi.

Kuma kada a ɗora wa Bature laifin sata, don bai saci komai ba, miƙa masa aka yi. Lawal ya tashi a gidan da ɗalibi ba ya shiga gaban malaminsa, ko sunansa ba ya kama. Da suka rubuta binciken, shi ya roƙa a sa sunan farfesa a gaba. Duk taron da ya je, in an yaba, sai ya sunkuyar da kai ya ce aikin malamina ne. A Gusau kowa zai gane kunya ce, a ƙara ganin girmansa. A London kuwa sai aka gaskata shi. Shi ma Brennock da fari yana musawa, daga baya ya gaji, ya bari. Wa ke ƙin tuwo an kai masa har baki?

Farfesan ya rasu a farkon bazara. Cibiyarsu ta tashi naɗa wanda zai gaje shi, ya jagoranci binciken tekun gaba ɗaya. Lawal ya nema, domin wannan ce damarsa ta ƙarshe kafin ritaya. Shugabar cibiyar ta kira shi ofis, ta ba shi shayi, ta ce kwamiti na girmama shi ƙwarai, amma suna neman mai sabon tunani nasa na kansa, shi kuwa amintaccen mai aiwatar da tunanin Brennock ne. Sun fi karkata ga wani matashi da Lawal ɗin ya koya wa riƙe na'ura.

"Lissafin nan nawa ne," in ji Lawal. Karo na farko ke nan da ya faɗa da bakinsa.

Ta dube shi da tausayi, abin da ya fi zagi ciwo. Ta ce ba a yanke hukunci ba tukuna. Ranar Alhamis za a yi taron tunawa da farfesan, shi ne zai yi jawabi, kuma 'yan kwamiti duk za su zo. In yana da magana, ga wuri.

A flat ɗinsu na unguwar Plumstead matarsa Zinatu ta ajiye ludayi ta fuskance shi.

"Baban Nana, ka faɗa musu. Sun kusa yi maka reject a kan abin da kai ka haifa."

"A gaban matar farfesa? Mutum yana kabari?"

"Ai ba zaginsa za ka yi ba, gaskiya ce. Sanyi ya ci yatsunka, kunyar nan taka ta ci sunanka. In ba ka yi magana ba ran Thursday, kada ka dawo kana min tsaki a kitchen."

Baƙin ciki ya cika shi, kuma ya rasa wanda zai ɗora wa.

Ran Alhamis zauren ya cika. Masana sun zo daga ƙasashe, da yawansu da lissafinsa suka yi digiri. Ya hau mumbari da maganar a shirye, ya yi ta bitar ta a jirgin ƙasa. Sai ya ga matar marigayin a layin gaba, tsohuwa ƙarama cikin baƙaƙen kaya, wadda ta sha dafa masa kifi lokacin yana ɗalibi don ta san ba ya cin naman da ba a yanka ba. Ta ɗago tana masa murmushi, tana jiran ya faɗi alherin mijinta.

Nan take ya haɗiye maganar da ya shirya. Wanda ya ci abincin gida ba ya tsayawa kan mamacin gidan ya ce ba ni kayana.

"Duk abin da na sani game da tekun nan," in ji shi, "malamina ne ya koya mini."

Zauren ya ɗauki tafi. Tsohuwar ta share hawaye. Shugabar cibiyar ta juya ta dubi 'yan kwamiti, ta gyaɗa kai sau ɗaya, sannan ita ma ta shiga tafawa.