Hoton Mama a Gindin Tuffa

Ni fa tun farko cewa na yi a kira mai ɗaukar hoto. Ga shi nan a garinmu Pontoise, bayan coci, ya zaunar da mutum, ya cusa kansa cikin baƙin ƙyalle a bayan akwatin ɗaukar hotonsa, shi ke nan an gama. Likita ya riga ya ja ni gefe ya ce zuciyar Mama ba za ta kai ta ƙarshen sanyi ba, kuma ba mu da hotonta ko ɗaya. Abin da nake so bai wuce fuskarta ta zauna a bango ba, in riƙa gani.

Amma ina! Firmin ƙanena ya dawo daga Paris da gemu da warin fenti. Ya faɗa cikin masu zanen nan da jaridu ke yi wa dariya, masu gudun ɗaki suna bin rana a bakin kogi.

"Ɗanta mai zane yana raye, ki kira mai akwati?" in ji shi. "Léonie, ba ki da kunya."

Mama kuwa, autanta ya yi magana, ai zance ya ƙare.

Ta sako baƙar rigar silikinta ta zuwa coci, ta hakimce a falo ƙarƙashin hoton Baba. Firmin ya ce a'a, waje za a fita. Ni na ja kujera har gindin tuffa ina haki, shi yana can yana ƙanƙance ido yana kallon sama.

Mama ta ce, "Ka dai fito mini da baƙin rigar nan da kyau."

"Babu baƙi a duniya, Mama. Shuɗi ne da shunayya."

"Léonie, zo ki shinshina mini bakin yaron nan. Da safiyar nan ya fara sha?"

Haka aka fara. Ya dangwala nan, ya dangwala can, da sauri kamar ana korarsa. Gajimare na giftawa sai ya ajiye buroshi ya naɗe hannu.

"Hasken ya tafi."

"To ni na tafi ne? Ga ni zaune, ƙuguna ya ƙage!"

"Ba ke nake zanawa ba, Mama. Hasken da ke sauka a kanki nake zanawa."

"Madalla. Ka ce wa hasken ya zo ya zauna a kujerar, ni zan je in duba miyar albasata."

Kullum sai an yi wannan faɗan. In rana ta wuce saman bishiyar ya ce a tashi sai gobe, in an yi hadari ya tafi shan giya da abokansa. Ni kuwa ina ganin ƙafafun Mama suna kumbura, raina yana ɓaci.

Ranar da ya ce ya gama, Mama ta sa tabarau, ta kai hancinta har yana neman taɓa fentin. Sannan ta ɗago kai.

"Léonie, nuna mini inda nake."

Wallahi na rasa. Kumatu kore, haɓa shunayya, hanci ɗan ja guda ɗaya, ido kuwa babu, sai inuwar hula. Fenti cunkus kamar an shafa man shanu a burodi.

"Kabeji," in ji Mama. "Na yi ta zama har tuffa ta nuna, ka zana mini kabeji da hula."

"Ki ja da baya, Mama. Daga nesa ake kallo."

"Ni na haife ka, yanzu sai na ja da baya kafin a gane ni? Kawar mini da shi."

Na bi shi lambu na roƙe shi, ni da ban taɓa roƙonsa komai ba. Na ce ido biyu kawai, Firmin, ka sa mata ido. Ya kalli bishiyar ya ce ganye ya fara zuba, hasken nan ya wuce, in ya taɓa yanzu ƙarya zai zana, a bari sai baɗi. Baɗi! Saura kaɗan in fasa masa kai da tukunyar fure. Na ruga wajen mai akwati, amma lokacin Mama ta kwanta, fuska ta kumbura, ta ce duk wanda ya ɗauke ta a haka ba ta yafe ba.

Ta rasu kafin Kirsimeti. A maƙabarta Firmin ya miƙo mini hannu, na yi kamar ban gani ba. Zanen na jingine shi can ƙarshen baranda, kusa da ƙofar baya, ya zo ya kwashi tsiyarsa.

Wata safiya na fito daga kicin da tukunyar miya, ina tsiyaye ta a ƙasa kamar yadda na saba. Na ɗaga kai. Ga Mama zaune a lambu cikin rana, ta karkato wuya, ta tura haɓa gaba, baki ya buɗe za ta balbale ni da faɗa.

"Yanzu zan goge, Mama," na ce.

Sai da na ji muryata na tuna. Na dire tukunyar na ruga. Ina isa, kabeji. Kore, shunayya, babu ido. Na koma ƙofar kicin da baya da baya, sai ga ta ta dawo, da masifarta da komai. Nan na zauna a ƙasa cikin miyar na yi kukan da ban yi a maƙabarta ba.

Da Firmin ya zo ɗauka na ce ya taɓa ya ga yadda ake karya hannun mai zane. Ya yi wani murmushi, na ce ya rufe mini baki, maganar ido har gobe ban yafe ba.

Zanen yana nan inda na jingine shi. Ƙura ta hau shi, sai maƙwabciya nake roƙo ta goge. Ni daga ƙofar kicin nake gaishe ta, don in na matsa kusa sai in sake rasa ta.